Yadda Ake Kula da Masai da Wurin Wanka a Gidan Karkara

A yawancin gidajen ƙauyukan Kano da Jigawa, bayan gida wani lungu ne can ƙuryar gida, an kewaye shi da katangar ƙasa ko zana ko tsohon kwano, samansa a buɗe. Gefe guda masai, gefe guda wurin wanka, ga 'yar kwata da ke fitar da ruwa ta ƙarƙashin katanga. In salla ta zo ko za a yi baƙi, sai a aiki yaro ya sayo Izal a yayyafa, wuri ya ɗau ƙamshin asibiti, a ce an yi tsafta. Izal na kashe ƙwayoyin cuta a inda ya taɓa, amma ba ya hana ƙuda shiga rami ya fito ya sauka a kan tuwo. Ƙazanta na da hanyoyin da take bi daga masai ta dawo bakin mutum: ƙafar ƙuda, hannun da aka yi tsarki da shi, ruwan da ke tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa zuwa rijiya, da tafin ƙafar yaron da ya shiga ba takalmi. Wanda ya toshe waɗannan ya yi tsafta, ko da bai taɓa sayen kwalbar komai ba.

Lamarin ba na wasa ba ne. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. A 2022 kuma aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar nan da ta rabu da bahaya a fili, duk ƙananan hukumominta 27. An haƙa masai da yawa a lokacin. Haƙawa aikin mako guda ne, riƙewa kuwa na kullum.

Fara da abin da ya rataya a wuyan maigida

Kafin uwargida ta ɗauki tsintsiya, akwai gyaran da in ba a yi shi ba, shararta ba za ta yi tasiri ba.

Maigida, ka tsaya a bakin masai ka taka zuwa rijiyar gidan, kana ƙirgawa. Tazarar da ake so ita ce mita 30, kusan taku 40 na babban mutum, kuma masan ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Ka lissafa har da rijiyar maƙwabci da ke bayan katangarka, don ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar gida ba. Idan gidan ya yi ƙanƙanta har tazarar ba za ta samu ba, to rijiyar ta koma ta wanki da ban-ruwan dabbobi, na sha a ɗebo daga tuƙa-tuƙa, ko a tafasa. Mutanen yankin fadama, irin su Auyo da Guri da Kirikasamma, inda ruwa ke kusa da sama, su suka fi buƙatar kula da wannan: gindin rami ya kamata ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa ke kaiwa da damina. In ƙasa ba ta ba da wannan dama ba, sai a yi rami gajere a ɗaga ginin sama da bulo.

Daga nan ka duba abin da aka rufe ramin da shi. Tsohon salo shi ne a jera azara ko itace a daɓe da ƙasa. Yana aiki, amma gara na cin itacen daga ƙasa ba a gani, kuma daɓen ƙasa na shan fitsari, ba ya wankuwa. Taka shi da ƙarfi a kusa da baki; in ka ji yana lotsawa ko ka ga tsaga, kada a jira damina. Mai hali ya sa birkila ya zuba masa silab na siminti da rodi. Wanda bai kai nan ba, ko rabin buhun siminti ya samu, a shafe kewayen bakin da inda ake ɗora ƙafa, a goge shi sumul, a karkata shi kaɗan yadda duk ruwan da ya zuba zai gangara cikin rami. Kada faɗin bakin ya wuce taƙi guda. Baki mai faɗi shi ke sa yara tsoron masai su koma bayan katanga, kuma tsoron nasu na kan hanya.

Sai murfi, wanda a ganina ya fi kowane abu muhimmanci a wurin, ga shi kuma shi aka fi rainawa. Za ka shiga gida mai ginin bulo da fenti, ka tarar an ɗora wa masai tsohon murfin tukunya da ya lanƙwashe, ƙuda na shiga ta gefe suna fita. Murfin kirki shi ne wanda ya zauna daram, ba kafa. A yanka katako daidai bakin, a buga masa doguwar sanda a tsakiya ta kai gwiwar mutum, yadda za a ɗaga ba sai an sunkuya an taɓa ƙasa ba. Akwai kuma kaskon roba da ake kira SaTo, mai ɗan marfi a ƙasa da ke buɗewa in nauyi ya sauka, ya koma ya rufe kansa. Ruwan buta ɗaya ya isa wanke shi, kuma birkila na iya dasa shi a kan tsohon masai.

Idan ban-ɗakin na da rufi, a kafa masa bututun iska: fayif mai inci 4, daga cikin ramin ya miƙe ya zarce rufin da kamu guda, a ɗaure bakinsa na sama da raga. Iska na bi ta kansa ta zuƙe warin, ƙudan da ke cikin rami kuma su bi hasken da suke hangowa ta fayif, su maƙale a raga su mutu. Amma wannan dabara sai cikin ɗakin na da ɗan duhu, kuma ba a toshe bakin masan gam ba, don iska ta samu mashiga. A makewayi marar rufi, murfi mai kama baki ya fi.

Kayan da za su zauna a can

Tsintsiyar kwakwa ɗaya, buroshi mai dogon hannu, bokiti, buta biyu, tsohon gwangwani ko kwano cike da toka da ɗan ludayi a ciki, sai silifas na roba. Waɗannan na bayan gida ne kaɗai. A ɗaura wa tsintsiyar jan ƙyalle don kada wata rana yarinya ta ɗauke ta ta share gindin murhu. Buta kuma a bambanta ta tsarki da ta alwala, ko da launi. Abin da na fi ƙyama shi ne a tsoma butar bayan gida a randa don a cika ta. A ɗebo da moɗa a zuba daga sama, kada bakin moɗa ya taɓa ta. A buga ƙusa a katanga a rataye buta da soso da tsintsiya; duk abin da ya kwana a ƙasa mai laima ya kwana da ƙwayar cuta.

Aikin kullum

Da sassafe, kafin rana ta ɗaga ƙuda su tashi, a share busasshiyar ƙazanta tukuna: ganye, gashi, ledar omo, guntun sabulu. In aka fara da ruwa, duk su tafi su toshe kwata. Sannan a kaɗa omo kaɗan a rabin bokiti, a goge bakin masan da wurin ƙafa da buroshi, a bi da murfin ciki da waje, har sandarsa, domin ita kowa ke kamawa. A ɗauraye da ruwa kaɗan. Ba a son a riƙa tuttula bokiti-bokiti cikin rami, saboda masai mai ruwa shi ne mai wari, shi ke tara sauro, shi ne kuma mai saurin ruftawa.

Bayan haka a barbaɗa toka ludayi biyu ko uku a cikin ramin, a zagaye bakin da ita. Toka na tsotse laima, ta rage wari, ta hana ƙuda sha'awar yin ƙwai. Kowane gida na fitar da ita kullum daga murhu, sai dai a tabbata ta huce sarai, ba garwashi a ciki. Gidan da mutane ke da yawa, a saba wa kowa ya zuba ludayi ɗaya in ya gama, ya mayar da murfi. Inda daɓen ƙasa ne, ba a wanke shi da ruwa. A kankare inda ya ɓaci a tura cikin rami, a zuba toka da busasshen yashi a wurin.

Zarni kuwa daga wurin wanka ya fi tashi, don a nan ake tsugunawa fitsari da dare a tafi ba a kora ba. Maganinsa buta ɗaya ta ruwa nan take. In ya riga ya kama siminti, a jiƙa toka ta yi kauri, a shafe wurin, a bar ta ta ɗan jima, a goge da buroshi.

Wane ne zai yi? A gidan gandu mai kishiyoyi da faccaloli, masai na kowa ne, shi ya sa yake zama na ba kowa. A yanka kwana kamar yadda ake yanka girki, amma a saɓa: wadda ke da girki yau ba ita ce mai wankin bayan gida ba. Wannan ya raba gardama, ya kuma raba hannun da ya riƙe buroshi da wanda zai kwashe tuwo. Maganar ta fi karɓuwa in babbar gida ce ta yanke ta. In Inna ta ce, “Amarya, ke da kika fita girki jiya, yau bayan gida naki ne,” ba mai musu. Samarin gida ma ba a ɗauke musu ba: zauren baƙi in yana da nasa makewayin, su ne masu shi.

Wankin mako da maganar bilic

Sau ɗaya a mako, a ce ranar Alhamis ko safiyar Juma'a, a fitar da komai waje. A wanke butoci ciki da waje da omo, musamman mariƙi da hanci, a kife su a rana. A wanke soso a shanya. A goge katanga daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, inda ruwa ke fallatsa. A kankare gansakuka da ta yi kore a wurin wanka, don ita ce ke kayar da tsofaffi da masu juna biyu.

Bayan wankin omo ne ake bi da bilic, irin su Hypo ko Jik, ba kafinsa ba, domin datti na cinye ƙarfinsa. A duba jikin kwalba ko leda. In an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, gwangwani ɗaya na bilic a gwangwani 16 na ruwa ya isa wanke daɓe da murfi. A shafa, a bar shi minti goma, sannan a ɗauraye. A haɗa daidai na ranar, don wanda aka sirka ba ya riƙe ƙarfi in ya kwana. Kada a gauraya shi da Harpic ko wani sinadarin wanki, hayaƙin da ke tashi na ƙona ƙirji. Kada kuma a juye shi cikin ramin. Akwai ƙananan halittu a ciki da ke narkar da bahaya su sa ya lotsa. In an kashe su, masai ya yi saurin cika.

Haka zancen kananzir da baƙin mai da wasu ke zubawa don tsutsa. Suna gurɓata ruwan ƙasa, kananzir kuma ga haɗarin wuta, don ramin kansa na tara iska mai kamawa. In tsutsa ta fara hawowa baki, alama ce ramin ya jiƙe da yawa. A zuba toka mai yawa da busasshiyar ƙasa kwana biyu zuwa uku, a rage ruwan da ke shiga, a gyara murfi.

Ruwan wanka ina za shi?

Nan ne gidaje da yawa ke faɗuwa. Ciki fes, amma ka zagaya bayan katanga ka ga baƙin ruwa kwance a lungu, agwagi na wasa a ciki, yara na tsallakawa, gindin katangar ƙasa na zaizayewa. Sau da yawa rigimar maƙwabta da ke kaiwa gaban mai unguwa daga nan take farawa.

Ruwan wanka ba ya shiga masai. A yi masa ramin kansa. A bayan katanga, inda kwatar ke fita, a haƙa rami mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, shi ma nesa da rijiya. A cika shi da manyan duwatsu ko fasassun bulo a ƙasa, matsakaita a tsakiya, tsakuwa a sama. A sa guntun fayif ya kawo ruwan tsakiyarsa, a shimfiɗa tsohon buhu a kai, a rufe da ƙasa. A ƙasa mai yashi, irin ta wajen Gumel da Maigatari, ruwan zai shanye nan da nan. A ƙasa mai laka sai an faɗaɗa ramin. A bakin kwatar daga ciki, a sa gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa ya tare gashi da ganye, a riƙa zazzage shi.

Gidan da ake wankan jego ya ninka kula. Tukunya guda ta ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, ga ganyen darbejiya da ake fyaɗawa da shi yana zubewa. A kwashe ganyen da hannu bayan kowane wanka, in ba haka ba kafin suna kwata ta toshe.

Hannu

An yi tsarki da ruwa, an tsarkaka ga salla, amma hannun hagu bai rabu da ƙwayar cuta ba sai ya ga sabulu. Kuma sabulun da ke cikin ɗaki a kwando ba mai komawa ya ɗauko shi. Dole ya kasance a ƙofar bayan gida, inda mai fitowa zai yi karo da shi.

A samu jarka 'yar lita biyar, a huda ta kusa da wuya da ƙusa mai zafi. A kafa sanduna biyu masu gwafa, a gitta ta uku, a rataye jarkar ta mariƙinta. A ɗaura igiya a wuyanta, ɗaya bakin igiyar a ɗaure shi a wata sanda da ke kwance a ƙasa. In an taka sandar, jarka ta karkata, ruwa ya tsiyayo siriri, ba wanda ya taɓa ta da hannu. A huda sabulu a rataye shi da zare a gefe, a kifa masa gwangwani don awaki da ruwan sama. A zuba tsakuwa a ƙasa. A cuɗa hannu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na kamar daƙiƙa 20. Ranar da sabulu ya yanke, toka ta fi ruwa zalla.

Kashin yara da abin da ba a jefawa

Akwai masu ganin kashin jariri ba komai ba ne, a kwashe da kara a wurga kan juji, kaji su bi. Yana ɗauke da cuta kamar na babba, ga shi a tsakar gida inda ake rarrafe. A saya wa yaro fo, a juye a masai nan take, a wanke da omo a kife a rana. Ruwan da aka wanke ƙunzugu da shi ma masai za shi. Mai renon, sau da yawa 'yar shekara takwas ce, a koya mata wanke hannu bayan ta wanke wa ƙaninta. Kashin da ke zube a fili shi ne inda ƙudan da ke sauka a idon yara ke hayayyafa, masu yaɗa amosanin ido. Takalmi kuma dole ne, don akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa.

Famfas, audugar mata, leda, kwalba da tsumma ba sa ruɓewa, cika rami kawai suke yi. A tara su a wani gwangwani mai murfi, a binne ko a ƙone nesa da ɗaki.

Wata magana da mata ke yi a tsakaninsu: wai tururin masai ne ke sa ciwon sanyi, har wasu su gwammace su riƙe fitsari ko su yi a leda. Tururi ba ya sa wannan ciwo. Riƙe fitsari kuwa na iya jawo matsalar mafitsara. Abin da ke taimakawa shi ne tsarki daga gaba zuwa baya, buta mai tsafta, da shanya kamfai a rana maimakon ɓoye shi a ɗaki da danshi. Mai ƙaiƙayi ko fitar ruwa ta je asibiti a duba ta, in an ce har maigidan, shi ma ya je.

Damina, da ranar da rami ya cika

Tun bazara, kafin ruwan farko, a tara ƙasa a kewaye gindin masai ta yi tudu, a yanka 'yar hanya da za ta kauce da ruwan indararo. A ƙasa mai yashi, a gina bakin ramin da bulo daga sama zuwa aƙalla mita ɗaya, don nan ne ke fara zubewa. Garuruwan da kogin Haɗeja ke yi wa ambaliya sun san yadda masai ke tumbatsa ya haɗe da rijiya. Bayan irin wannan, ba a shan ruwan rijiyar sai an yashe ta an sa mata sinadarin kulorin, kuma ma'aikatan lafiya da duba-gari na ƙaramar hukuma ne suka san ma'auninsa.

Idan saura kamu guda rami ya cika, a daina amfani da shi. A cike shi da ƙasa, a danne, a haƙa sabo a mayar da silab ɗin can. In fili ya yi kaɗan har sai an dawo wa tsohon, a bar shi shekara biyu a rufe. Kafin nan abin da ke ciki ya zama ƙasa, ana iya kai shi gona. Ɗanye kuwa ba a zuba shi a kududdufi ko bakin gari. Kuma ko waya ce ta faɗa, ko kuɗi, ko ɗan akuya, kada kowa ya zura jiki cikin rami. Iskar ciki na sumar da mutum kafin ya yi ihu, wanda ya bi shi ceto ma haka.

In wani ya kwanta da amai da gudawa

A ware masa bokiti ko fo nasa. Bilic ɗin da za a zuba a kan amai da bahayansa mai ƙarfi ne, kusan rabi bilic rabi ruwa, a bar shi minti 15 kafin a juye a masai. A nan kam kare mutanen gida ya fi lafiyar rami. Murfi, buta, mariƙin ƙofa da daɓe a bi su da haɗin nan na ɗaya cikin 16 sau biyu ko uku a yini. Kayan da ya ɓata a jiƙa su a ruwan bilic ko a tafasa, kada a kai su bakin rijiya ko rafi. Mai jinya kada ta yi girki.

Shi kuma marar lafiya a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: ƙullin ORS ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, in babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Yana sha ana neman abin hawa. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa na iya ƙarar da babban mutum cikin sa'o'i, don haka ko tsakar dare ne a nufi asibiti mafi kusa, a kuma sanar da mai unguwa don a duba rijiyar da gidan ke sha.